Fitilar da Na Bari a Bayan Rumbu

Jiya da hantsi ina zaune a gindin darbejiyar ƙofar gida, ina kallon yara suna kokawa da famfon tuƙa-tuƙan nan da aka kafa mana kusa da masallaci. Ba abin da kake ji sai kukan ƙarfe, kamar tsohuwar mota ta kama hawa, ga jarkoki sun yi layi har bakin hanya. Jikata ta zo wucewa da bokiti a ka, na ce mata, "Amarya, wannan ruwan da kika ɗebo, daga ina yake fitowa?" Ta harare ni ta ce, "Daga famfo mana. Kai dai angon nan ka cika tambaya." Na ce to madalla, ilimi ya ƙare, sai a naɗe tabarma. Ta wuce tana dariya, ni kuwa ta bar ni da tunani. Ni ɗan gidan masu haƙar rijiya ne, na san inda ruwa yake fitowa. Na je can da ƙafata, saura ƙiris da ban dawo ba.

Ƙauyenmu yana can gefen Sundimina, kuma a zamanin da nake faɗa muku rijiya ita ce kasuwa, ita ce majalisa, ita ce gidan rediyo. Tun kafin rana ta ɗago za ka ji guga ya faɗa ruwa, ƙundum, sai kukan igiya tana cin itacen da aka gitta a baki. Itacen nan duk ya yi tsage-tsage, kowace tsaga kuma an san ta gidan wane ce. Mata su jera tuluna su aza gammo a gefe, a yi ta hira, wadda ta haihu da wadda ta yi yaji duk a nan za ka ji. In sun watse sai makiyaya su iso da shanu, a cika komi, ka ji suna kiran kowace saniya da sunanta kamar 'yar gida. Ruwan da kansa yana da ɗanɗano. Tsofaffinmu in ka ba su a moɗa, kurɓa ɗaya za su yi su gaya maka na rijiyar gabas ne ko na ta bakin kuka. Yanzu kuwa duk ruwa ɗanɗanon roba yake yi, amma ba na raina shi, don tun da famfo ya zo ban ƙara ganin mai jan ƙafa da kurkunu ba.

Babanmu shi ne mai haƙa da yasa na duk yankin, daga Unguwar Ya har ƙauyukan Gwaram. Mutum ne gajere mai faɗin kafaɗa, maganarsa a rana ba ta cika tafin hannu. Kayan aikinsa ba su da yawa: dagi, gajeriyar fartanya, kwando, igiyar rama mai kauri, sai wata 'yar fitilar aci-bal-bal ta ƙasa, bakinta ya guntule. Duk rijiyar da muka je, kafin kowa ya sa ƙafa, sai ya zuba mata man gyaɗa, ya gyara lagwani, ya kunna, ya sa ta cikin ƙoƙo ya zura da siririyar igiya a hankali. Ya kwanta rub da ciki yana leƙe, leɓensa na motsi. Wani lokaci ya ɗago ya ce, "Bismillah, a shiga." Wani lokaci kuma ya jawo ta ya ce, "Yau ba ranar aiki ba ce." Sai ya sa mu sassaro rassa masu ganye mu ɗaure a igiya mu yi ta zurawa muna jawowa har hannu ya mutu. Mutanen gari su ja da baya suna raɗa, wai Sarkin Rijiya yana neman izini wajen masu wurin. Mu 'ya'yansa kuwa mun ɗauka fitila ta gani ce, ganye kuma na share yanar gizo ne. In ka tambaye shi sai ya ce, "Ja igiya. Tambaya ba ta kawo ruwa." Haka manya suke a da. Ba sa ba ka dalili, umarni suke ba ka, dalilin sai ka girma, in kana da rabon girman.

Mu biyu ne maza, ni da wana, Yaya Sule. Shi ɗan fari ne, don haka Inna ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce "wancan yaron." Dogo ne siriri, mai dariya da dukkan fuskarsa, in yana cikin rami yana haƙa waƙa yake yi, muryar tana fitowa kamar daga cikin randa. Shi yake shiga, ni nake jan kwando. Yakan ce da ni, "Habu, kai kam da a ce da bakinka ake haƙa, da yanzu mun ɓulla Makka."

Shekarar da ake ta bikin samun mulkin kai, ni samartaka ta taso min, komai na da ƙauyanci nake ganinsa. Na sayar da 'yar gyaɗar gayaunata a kasuwar Birnin Kudu, na sayi tocila. Ku da kuka tashi kuka ga lantarki ba za ku gane ba. Azurfa ce fara tas, mai batir biyu, in ka danna sai haske ya tafi miƙe kamar sanda. Ko da rana tsaka a rataye take a wuyana. Har akuyar Inna sai da na haska wa ido. Inna ta ce, "Wannan abu dai ko kai ko shi, ɗaya zai gaji."

Bayan an gama girbi, sai aka aiko daga wani ƙauye gaba da Maruta. Suna da tsohuwar rijiya da ta shekara biyu a rufe da kara da ƙaya, suna so a yashe ta. Baba kuwa kurkunu ya kwantar da shi, ƙafa ta kumbura kamar turmi. Ya ce mu je mu biyu, Yaya Sule ya isa. Muna ɗaura wa jaki kaya, ya ɗago daga kan tabarma ya ce, "Kada ku manta da fitila." Na ce to. Na ɗauke ta, na dubi guntulallen bakinta, na dubi tocilata. Na ce a raina, mu je garin mutane da wannan abin kunya, man yana zuba a kaya? Na zagaya bayan rumbu na tura ta ƙarƙashi, na kife ta da sakaina.

Mun isa da hantsi. Aka janye ƙaya, wani wari mai sanyi ya taso, irin na ruɓaɓɓen ganye. Yaya Sule ya tuɓe riga ya ce, "Ina fitilar?" Na ciro tocila na miƙa masa na ce, "Ga wadda ta fi ta. Tsohuwar na ba ta hutu." Ya juya ta, ya danna, ya yi dariya ya ce, "Yau kam masu wurin za su san an samu mulkin kai." Mutanen da suka taru su ma suka yi dariya. Ya rataya ta a wuya, ya kama igiya, ya fara taka ramukan da ke jikin bango yana sauka. Ina leƙe, ina ganin hasken yana rawa. Can ya ɗago murya ya ce, "Habu, abin nan naka kamar rana." Ya fara waƙarsa. Bai kai ƙarshen baiti ba ya yi shiru. Na ji wani abu ya faɗi, tim, ba da ƙarfi ba.

Na kira, na sake kira. Ga shi ina ganinsa a kwance kan laka, tocilar tana ci a gefen fuskarsa, haske tar, ko ƙyaftawa ba ta yi. Na kama igiya zan bi shi, wani dattijo ya riƙe ni ya ce sai an ɗaura min wata a ƙugu. Allah ya jiƙan dattijon nan, ban ma san sunansa ba. Na sauka kamar gaba huɗu, sai na ji ƙirjina ya cika amma ba iska, kunnuwana suna kuka, ƙafafuna sun zama na wani. Abin da na sani kuma, ina kwance a rana ana yayyafa min ruwa. Shi kuwa Yaya Sule sai bayan azahar aka samu fito da gawarsa da ƙugiya. Suka ce min har lokacin tocilar tana ci a ƙasa.

Kowa ya ce masu wurin ne. Tsohuwar rijiya, an bar musu shekara biyu, an zo an tayar da su ba sallama. Aka yi ta yi wa Baba gaisuwa ana cewa ƙaddara ta riga fata. Inna ba ta yi kuka a gaban mutane ba, ɗan fari ne, kunya ba ta bari ba, sai dai ta shiga madafa ta yi ta hura wutar da take ci. Ba wanda ya tambaye ni fitila. Ni ma ban ce komai ba. Amma daga ranar ko randa ba na iya leƙawa. In na shiga ɗaki aka saki asabari sai numfashina ya sarƙe. In yayyafi ya taɓa ƙasa, ƙamshin nan da kowa yake so, ni zuciyata tashi take yi. Baba ya warke ya ce in ɗauko igiya, na tsaya a tsakar gida na kasa ɗaukowa. Ya dube ni, ya ɗauki igiyarsa ya fita shi kaɗai. Kafin damina ta faɗi na bi wata motar gyaɗa a tashar Birnin Kudu na zama karen mota.

To, a nan ne na ga duniya, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, na ji daɗinta. Maigidana Ɗan'azumi direba, mutum ne mai tumbi da son tsire, shi ya sa min suna Na-Kudu. Mun yi Kano, mun yi Azare da Fataskum har Maiduguri, mun gangara Ikko na ga ruwan da ba shi da gaɓa. Na koyi cin doya da manja, na koyi zagi da harshe huɗu, na koyi tuƙi. Aikin ya yi min daidai, don saman kaya nake zama, sama a buɗe, iska ta ko'ina. Ko ana ruwa ba na shiga gaban mota. Maigida ya ce, "Na-Kudu, kai ɗan mutum ne ko ɗan shamuwa?" In mun tsaya shan ruwa a ƙauye sai in ƙirƙiro duba taya, in bar wani ya ja guga. Ya lura, amma bai taɓa tona ni ba. Sai dai ya ce, "Ku ba sarki ruwa, ba ya jan guga da kansa." Mutane suna ganina mai barkwanci, tasha duk an san ni. Ba su san surutun nan shinge ba ne, don in na yi shiru baitin nan da ba a ƙarasa ba nake ji.

Wata rana mota ta lalace mana a wajen Jos, kusa da inda ake haƙar kuza. Muna jiran makaniki, na hangi mutane sun kewaye wani rami, wani tsoho yana zura kyandir a cikin gwangwani. Daga nesa na tsaya na ce, "Baba, ku ma izini kuke nema?" Ya ce, "Izinin wa?" Na ce na masu wurin. Ya yi dariya har da tari ya ce, "Yaro, iska muke aunawa. Rami in ya daɗe a rufe iskar cikinsa mutuwa take yi. In wuta ta mutu a ƙasa, kai ma in ka shiga haka za ka mutu. Abin da take shaƙa shi kake shaƙa." Na ce, "In tocila ce fa?" Ya ce, "Tocila ai ba ta da hanci. Ko a kabari ci za ta yi."

Na koma bayan mota na zauna a ƙasa. Da ina ɗan laɓewa bayan masu wurin, in ce ko da fitila ko ba fitila da sun ɗauke shi. Ranar tsohon nan ya janye min wannan tabarmar. Maigida ya zo ya same ni ya ce, "Na-Kudu, yau kuma rediyon ya ɗauke?" Ya ajiye min tsire a takarda ya tafi. Na ƙara shekaru a hanya, ina aika saƙo gida ta hannun mutane, amma in mun bi ta Birnin Kudu sai in ja hula in rufe fuska.

Abin da ya mai da ni gida fari ne. Lokacin kuɗin man fetur sun fara shigowa, birni ana ta gini, kowa yana maganar babur da rediyo, amma ƙauye sama ta ƙi. Na riga na zama direba, na kawo hatsi Birnin Kudu, sai wani ɗan garinmu ya kama hannuna a tasha ya ce, "Habu, ka je ka ga tsohon nan. Idonsa ya tafi. Rijiyarmu ta janye, mata sai sun kai rabin yini kafin su samo tulu ɗaya." Na so in ce ina da lodi. Amma sai na kama hanyar gida.

Na tarar da Inna tana tankaɗe. Ta ɗago ta dube ni tun daga hula har takalmi ta ce, "Lale da baƙon Ikko. Ashe hanyar ba ta cinye ka ba. Ka yi ƙiba, kamar ba ɗan masu aiki ba." Sai ta juya ta shiga madafa, na ji tana hura wuta. Baba yana zaure, ya rame, idanun sun yi fari-fari. Na durƙusa na gaishe shi. Ya laluba kaina ya ce, "Ka zo." Shi ke nan. Bayan na ci abinci ya ce, "Ba zan ce ka shiga ba. Aron ido kawai nake so. Ina iya zurawa, ba na iya gani." Ya sa hannu bayan tabarma ya jawo wani abu a ƙunshe cikin tsumma. Ya kwance. Ita ce, da guntulallen bakinta.

Na ce, "Baba, akwai maganar da na daɗe ina ɗauke da ita."

Ya ce, "Bayan rumbu. Ƙarƙashin sakaina."

Na kasa ɗago kai.

Ya ce, "Kwana uku da yin abin, kaza ta tone ta. Na ɗauka na ɓoye."

Na ce, "Me ya sa ba ka ce min komai ba? Da ka doke ni ma da na samu sauƙi."

Ya gyara zama. Sannan ya ce, "In na tambaye ka don me ka bar ta, kai kuma sai ka tambaye ni ta mece ce. Wannan tambayar nake gudu." Ya shafa fitilar da babban yatsa. "Ubana bai gaya min ba sai da na yi aure na haihu. Ya ce asirin gida ne, in kowa ya sani kowa ya zama Sarkin Rijiya. Ni ma na ce sai yayanka ya yi aure. Saura wata biyu. Magana ce da ba ta fi a faɗe ta kafin a sha ruwa a ajiye moɗa ba, na riƙe ta shekara ashirin." Ya juyo da fuskarsa wajen da yake jin numfashina ya ce, "Kai yaro ne ka yi yarinta. Ni babba ne, me na yi? Kayan nan na mutum biyu ne, ka tafi da shi kai kaɗai. Kawo gefe ɗaya."

Ban taɓa jin Baba ya jera magana haka ba. Na yi kukan da ban yi ba a gaban rijiyar can. Inna ta tsaya daga bakin ƙofa, ba ta shigo ba, ta ce, "Wancan yaron ya tafi da kwanansa. Allah ya ba ni biyu, ya karɓi ɗaya, ɗayan kuma shi ya karɓe kansa. In kun gama, miya tana hucewa."

Washegari Baba ya sa aka yi shela, maza da mata da makiyaya duk su hallara bakin rijiya. Ya tsaya da sandarsa ya ɗaga fitilar ya ce, "Kun daɗe kuna cewa ina magana da masu wurin. Ban taɓa jin muryar kowa ba." Ya faɗa musu komai, iskar da take mutuwa, wutar da take aunawa, ganyen da yake kore mugunyar iska ya sauko da mai kyau. Wani tsoho abokin wasansa ya ce, "Ashe duk zakarun da muka ba ka na izini, cikinka suka shiga." Baba ya ce, "Ai su ma sun samu izini." Aka yi dariya, har da waɗanda suka ji haushi.

Sannan ya ce, "Habu, zo ka ba ni ido." Tsakanina da bakin rijiyar bai fi taku biyar ba, amma na fi jin nisansa a kan Ikko. Na kwanta rub da ciki yadda yake yi, na ja jiki. Warin laka ya bugo ni. Baba ya dafa bayana da hannu ɗaya, ɗayan yana sakin igiya. Ya ce, "Faɗa min." Na ce tana ci. "Yanzu fa?" Na ce tana ci. Can ƙasa harshen ya rage, ya yi ja, ya kwanta, ya mutu. Na ce, "Ta mutu, Baba." Ya ɗaga murya ya ce, "Kun ji. Da mutum ne da yanzu ana neman ƙugiya." Aka saro rassa, samari suka yi ta zurawa har la'asar.

Kada ku ɗauka a ranar na zama jarumi. Rana ta biyu fitila ta ci har ƙasa, samari biyu suka ce za su shiga, amma ba wanda ya san yadda ake bin idon ruwa ba tare da bango ya zubo ba. Na ɗaura igiya a ƙugu, na taka rami uku, na fito da gudu na je bayan kuka na amayar da kokon da na sha. Ba wanda ya yi dariya sai Inna, ta ce, "Asarar gero a shekarar fari." Baba ya ce, "Uku ka yi. Gobe ka yi huɗu." Kashegari na yi bakwai. Sannu ba ta hana zuwa. Kullum sai mun zura fitila, kullum shi yake riƙe da igiyata, yana kuma yi min magana, mutumin da da ba ya magana. Yana gaya min sunan kowace ƙasa da zan wuce, ja, da marmara, da farin yumɓu, da dalilin kowane sara. Ran na biyar ƙafata ta taɓa laka.

Na tsaya a ƙasa na ɗaga kai. Sama ta zama kamar faifai, ga kan Baba baƙi a gefenta. Fitilar tana kan ɗan dutse kusa da ni, harshenta yana rawa, in na yi numfashi ya karkata. Na ce a raina, muddin kina ci ina nan. Na kama dagi. Ina sara ina sara, sai na ji bakina yana wani abu, ashe waƙar Yaya Sule ce, na ɗauko ta daga inda ya tsaya na kai ta ƙarshe. Igiyar ƙuguna ta ɗan girgiza. Kwana uku muna fitar da laka, ran na huɗu rairayi ya yi duhu, ruwa ya tsattsafo ta tsakanin yatsun ƙafata, sanyi kamar ƙanƙara. Na cika ƙoƙo aka ja. Suka ce Baba ya kurɓa, ya daɗe da shi a baki, ya ce, "Ita ce."

Na koma tuƙi bayan nan, don mota ta riga ta shiga jinina, amma ban ƙara rufe fuska a Birnin Kudu ba. Duk rani nakan zo in yashe rijiya biyu ko uku, har Baba ya rasu, har famfo ya zo ya karɓe aikin. Ba zan ce muku komai ya wuce ba. Har yau tagar ɗakina a buɗe take, uwargida ta yi mita ta gaji, ta ce da ta sani da ta auri mai tsoron sauro. Amma ƙamshin yayyafin farko ya dawo min, ina shaƙarsa in cika ƙirji. Kuma duk garin da na tsaya na ga an taru a bakin rami, ko rijiya ko masai, sai na sauko na yi musu bayani, ko sun tambaya ko ba su tambaya ba. Yaran gidana sun sa min suna Baba Dalili, don ba na aiken yaro ko sayen ashana ne ban gaya masa abin da za a kunna ba. Suna cewa na cika surutu. Na yarda. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Gaskiya ne, amma ni na ƙara da cewa, to babban ya buɗe baki mana.

Rijiyarmu tana nan, an rufe ta da siminti, awaki suna kwana a kai. Fitilar kuwa tana kan tagata. Da yamma jikar nan tawa ta dawo, ta ɗauke ta tana juyawa ta ce, "Wannan tsohon kaskon na mene ne? Ga tocila a gidan." Na ce, "Ajiye bokitin ki zauna, amarya." Ta ce, "Wai, na jawo wa kaina. Doguwa ce?" Na ce, "Gajeriya ce. Kafin ki sha ruwa ki ajiye moɗa na gama."